Aiki Ɗaya, Gida Ɗaya: Ka Daina Rubuta Abu Sau Biyu a Wayarka

Kafin ka ci gaba da karatu, ga ɗan gwaji. Ka tuno abu guda da ke kanka a wannan makon, ko bashin da za ka biya, ko fom ɗin da za ka cike, ko saƙon da aka ce ka sayo. To, lissafa wurare nawa abin yake a rubuce. Yana cikin manhajar rubutun da ta zo da wayarka. Yana cikin saƙon da ka tura wa kanka a WhatsApp. Akwai hoton allo da ka ɗauka dominsa, yana can kwance a tsakanin hotunan biki. Wataƙila ma ka sa masa ƙararrawa, ka kuma rubuta shi a bayan wani rasit da ke aljihunka. Abu ɗaya, wuri biyar.

Yawancinmu muna ɗaukar wannan a matsayin taka-tsantsan, wai in an manta a nan za a gani a can. Ni ban yarda da haka ba. Duk kwafin da ka ƙara, ka ƙara wa kanka wani wuri ne da zai yi maka ƙarya gobe. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kowane aiki da kowane bayani ya kasance yana da gida ɗaya tak, sauran wurare kuma su riƙa nuni zuwa gidan, kada su sake rubuta shi. Manhajojin tsara rubutu mai rassa su ne suka fi dacewa da wannan ƙa'ida, amma kuma su ne suka fi saurin jefa mutum cikin maimaici idan bai san yadda suke ba.

Ranar da kwafi ke zama ƙarya

Ranar da ka rubuta abu a wuri uku, duka ukun gaskiya suke faɗa. Rigimar tana farawa ne ranar da abin ya canza.

Duk wanda ya taso a cikin ganuwar Zazzau ya san yadda shagunan teloli da zaurukan masu ɗinkin hannu ke cika a goman ƙarshe na azumi. A ce tela yana da awon wani kwastoma a littafin awo, yana da shi a waya, ya kuma rubuta shi a 'yar takarda ya cusa cikin ledar yadin. Sai kwastoma ya bugo ya ce a ƙara inci biyu a hannu. Tela ya gyara a waya, tunda ita ce a hannunsa. Da dare yaron shago ya buɗe leda, ya ga takarda, ya sa almakashi. Ba wanda ya yi sakaci a cikinsu, kowa ya bi abin da ya gani a rubuce. Amma shadda ta riga ta yanku, ga Sallah saura kwana uku.

Ko kuma mai shagon tireda da ke rubuta bashi a littafi, yana kuma tura wa kansa a WhatsApp. Maƙwabci ya biya N15,000 ta tiransifa, mai shago ya ga alat, ya share saƙon WhatsApp, littafi kuma yana nan yadda yake. Bayan wata guda ƙaninsa da ke tsaron shago ya buɗe littafi, ya tare dattijo a ƙofar masallaci yana tambayarsa kuɗin da ya riga ya biya. A unguwar da kowa ya san kakan kowa, irin wannan kuskure ba a kuɗi kaɗai yake tsayawa ba.

Haka nan lambobin waya. Sunan mutum ɗaya sau uku: ɗaya a kan layi, ɗaya a cikin waya, ɗaya a asusun Google. Biyu daga ciki tsofaffin lambobi ne. Kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, wasu manhajojin kuɗi kuma lambar waya ce lambar asusu a cikinsu. Haɗa waɗannan biyun, ka ga yadda tsohon kwafi zai iya kai kuɗinka hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Mu masu rubuta manhaja mun gaji wannan darasi ne daga magabata. A 1970 wani masanin lissafi da ke aiki a kamfanin IBM, Edgar F. Codd, ya wallafa maƙalar da ta zama tushen yawancin rumbunan bayanai da bankuna da makarantu ke amfani da su a yau. Daga cikin abin da aikinsa ya koyar akwai cewa idan bayani ɗaya yana zaune a wurare da yawa, wata rana za a sabunta wani a bar wani, daga nan rumbun zai fara saɓa wa kansa. A 1999 Andy Hunt da Dave Thomas suka sake jaddada wannan a littafinsu The Pragmatic Programmer, har ya zama ƙa'idar da ake koya wa duk mai fara rubuta manhaja: kada ka maimaita kanka.

Ba sai mun je nesa ba ma. Lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014 an gina ta ne a kan wannan tunani: kana iya buɗe asusu a banki biyar, amma kai ɗin mutum ɗaya ne, lamba ɗaya ce duk asusun ke nuni zuwa gare ta. Hukumar zaɓe ta INEC kuma, bayan rajistar masu zaɓe da aka kammala a 2022, ta sanar da soke sama da rajista miliyan 2.7 daga cikin kimanin miliyan 12.3, kuma yin rajista fiye da sau ɗaya na cikin manyan dalilan. Idan hukumomi na kashe maƙudan kuɗi don share maimaici, kai ma da ke da 'yan ayyuka arba'in a waya bai kamata ka riƙa kiwonsa ba.

Mece ce manhaja mai rassa, kuma ina tarkonta yake?

Turawa na kiranta autlaina. Rubutu ne layi-layi, kowane layi yana iya ɗaukar wasu layuka a ƙarƙashinsa, su ma su ɗauki nasu, kamar bishiya da rassanta. Kana iya naɗe reshe ya ɓoye 'ya'yansa, ka buɗe shi lokacin da kake buƙata, ka ja shi da duk abin da ke ƙarƙashinsa ka kai wani wuri. Ba sabon abu ba ne. A ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco na Amurka, Douglas Engelbart ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta da wasu fasahohi da dama, kuma misalin da ya yi amfani da shi wajen nuna tsara rubutu shi ne jerin cefane: ya karkasa kayan a ƙarƙashin kanun magana, yana naɗewa yana buɗewa. A yau Workflowy, Dynalist, Logseq da Orgzly duk a kan wannan tsari suke, kuma duk suna aiki a wayar Android.

Daɗin tsarin shi ne aiki da bayaninsa suna zama tare. A ƙarƙashin "gyaran wayar maƙwabci" za ka sa samfurin wayar, kuɗin da aka yi ciniki, kafin alƙalamin da aka ba ka, da abin da ya rage a saya. Ba sai ka buɗe manhaja uku ba.

Tarkon kuma ga shi: a bishiya kowane reshe uwa ɗaya gare shi, rayuwa kuwa ba haka take ba. "Sayo sikirin" na cikin aikin gyaran waya, yana cikin abubuwan da za ka yi in ka je PZ, yana kuma cikin ayyukan yau. Reshe uku ne ke kiransa. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a kwafa a liƙa a duka ukun, shi ke nan an koma gidan jiya.

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zana salsalar gidansu a cikin birni ya san wannan matsala. Saboda auren zumunci, yaro ɗaya zai fito a reshen mahaifinsa, ya sake fitowa a reshen mahaifiyarsa, tunda kakanninsu ɗaya. A takarda suna biyu ne, a tsakar gida kuwa yaro ɗaya ne. Idan ka ƙirga jikoki daga takardar sai lissafi ya fi mutanen yawa. Mai hankali yakan rubuta sunan sau ɗaya, a ɗaya reshen kuma ya ja kibiya ya ce "duba can".

Maganin ya daɗe a zaurukanmu

Wannan "duba can" ɗin shi ne maganin gaba ɗaya, kuma ɗaliban ilimi a zaurukan birni sun daɗe da saninsa. Fihirisar littafi ba ta sake rubuta babin alwala, tana gaya maka shafin da yake ne kawai. Mai sharhi idan ya zo kan mas'alar da ya riga ya warware, yakan ce bayaninta ya gabata a babi kaza, ya wuce. Matani ɗaya, nuni da yawa. Manhajoji masu rassa sun ba mu hanya uku ta yin haka.

Ta farko, laƙabi. Ka rubuta aikin sau ɗaya a gidansa, ka liƙa masa alamar # da kalma, misali #PZ ko #banki. Ranar da za ka fita, ka latsa laƙabin ko ka neme shi a akwatin bincike, duk ayyukan da ke ɗauke da shi su fito daga kowane reshe. Jerin da ka gani ba sabon rubutu ba ne, taga ce kawai da kake leƙa asalin ta cikinta. Ka soke abu a nan, ya soku a gidansa. A Orgzly kana iya adana binciken ma, ya zama kamar shafi na dindindin. Ko Google Keep, da ba cikakkiyar manhaja mai rassa ba ce, tana barin rubutu ɗaya ya ɗauki laƙabi fiye da ɗaya.

Ta biyu, mahaɗi. Wannan na bayanin da ayyuka da yawa ke dogaro da shi ne, kamar awon mutum, lambar asusunsa, ko lambar rajistarka ta makaranta. Ka ajiye shi wuri ɗaya, duk aikin da ke buƙatarsa ka sa masa mahaɗin da zai kai ka can. A Logseq da Obsidian da Workflowy, buga baka mai kusurwa biyu, wato [[, yana buɗe maka wurin zaɓar abin da za ka haɗa. Da telan nan ya yi haka, takardar cikin leda suna da lambar shafi kawai za ta ɗauka, ba awo ba, kuma dole yaron shago ya koma inda awon gaskiya yake.

Ta uku, madubi. Wannan ita ce mafi ƙarfi. Layi ɗaya ne yake bayyana a wuri biyu ko fiye, duk inda ka gyara shi ya gyaru a ko'ina, duk inda ka soke shi ya soku a ko'ina. A Workflowy sunan abin Mirror, kuma ɗigon layin yakan koma mai siffar lu'ulu'u don ka gane madubi ne. A Logseq ana yin makamancinsa ta hanyar nuni zuwa layi, inda buga baka biyu, wato ((, ke ba ka damar nemo layin da kake so. Bambancinsa da kwafi kamar bambancin hotonka ne da fuskarka a madubi. Hoto yana nan yadda aka ɗauke shi ko da ka yi aski, madubi kuwa abin da ke akwai yanzu yake nunawa.

Tsarin da nake ba da shawara

Ba ka buƙatar rassa hamsin. Manyan rassa kaɗan sun isa, misali:

• Zaure
• Makaranta
  – Rajistar zango
    · biyan kuɗi #banki
    · buga takardu #PZ
• Sana'a
  – Gyaran wayar maƙwabci
    · sayo sikirin #PZ
    · karɓar cikon kuɗi
• Gida
  – Bikin ƙanwa
    · karɓo ɗinki
    · sayo robobin rabo #sabongari
• Mutane
• Taska

Zaure shi ne ƙofar shiga. A gidajen birni baƙo ba ya faɗawa cikin gida ta katanga, ta zaure yake bi, a nan ake sanin wane ne shi da inda za a kai shi. Duk abin da ya faɗo maka a rai, ko aka gaya maka a hanya, ka jefa shi a Zaure da sauri ba tare da tunanin inda ya dace ba. Sharaɗin kawai shi ne zaure ɗaya ne, kuma ba a tarewa a cikinsa. Tun ƙarshen 2022 da WhatsApp ya fito da damar tura wa kai saƙo, da yawa daga cikinmu can muka mayar zaurenmu. Ba laifi, matuƙar kullum da dare za ka kwashe abin da ke ciki ka kai manhajarka, ka kuma share saƙon. In ba ka share ba, ka haifi kwafi.

Sai tambayar da ta fi rikita mutane: ina ne gidan aiki idan rassa uku na kiransa? Amsata ita ce, gidan aiki shi ne dalilinsa. Tambayi kanka: idan wane abu ya ƙare wannan aikin zai daina amfani? "Sayo sikirin" ba shi da ma'ana idan maƙwabci ya karɓe wayarsa ya fasa gyaran, saboda haka gidansa na ƙarƙashin gyaran wayar. PZ wuri ne, yau lokaci ne, maƙwabci mutum ne. Wuri da lokaci da mutum duk laƙabi ne, ba gida ba. Da zarar ka riƙe wannan, rabin ruɗanin ya tafi.

Amfanin laƙabin wuri kuwa a aljihu ake jinsa. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fita daga birni ta Ƙofar Doka, a ratsa Tudun Wada zuwa PZ ko kasuwar Sabon Gari, ba tafiyar da ake yi sau biyu a rana don an manta abu ɗaya ba ce. Kafin ka tare Keke, latsa #PZ, ka ga buga takardun makaranta da sayen sikirin sun fito tare, duk da cewa ɗaya na reshen Makaranta ɗaya na reshen Sana'a. Tafiya ɗaya, kuɗin mota ɗaya.

Reshen Mutane na bayanin da ba ya ƙarewa da ƙarewar aiki ne: lambar asusu, awo, bashin da ke tsakaninku. Kowane mutum layi ɗaya. Taska kuma ita ce inda ake kai aikin da aka gama, da duk 'ya'yansa, don ranar da za a ce "nawa ma muka yi da kai bara?"

Ka lura ban sa reshen "Yau" a jerin ba. Da gangan ne. Jerin yau shi ne babbar masana'antar maimaici. Mutum ya tashi da safe ya kwafo abu biyar daga rassa daban-daban ya liƙa a ƙarƙashin "Yau". Da dare ya soke uku a can, amma a gidajensu suna nan a matsayin ba a yi ba. Biyun da suka rage gobe ya sake kwafe su zuwa sabon "Yau". Kafin mako ya zagayo, aiki ɗaya ya zama shida. Yau ba gida ba ce, taga ce. Ka yi ta da laƙabin #yau da za ka cire idan rana ta faɗi, ko da kwanan wata idan manhajarka na da jadawali kamar Orgzly, ko da madubi.

Sauran ɗabi'u uku ne. Ɗaya, ka yi bincike kafin ka rubuta: buga kalma ɗaya a akwatin bincike ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma sau da yawa za ka tarar abin yana nan. Biyu, matsar, kada ka kwafa: idan abu ya canza gida, ja shi ka kai, kada ka bar gawarsa a baya. Uku, ka ware minti goma sha biyar a mako, ko da safiyar Juma'a ce, ka share Zaure, ka kai abin da aka gama Taska, ka cire laƙuban da suka tsufa. David Allen, wanda littafinsa Getting Things Done ya fito a 2001, ya gina tsarinsa ne a kan tattara komai wuri guda da kuma bita ta mako-mako, kuma wannan ɓangare na tsarin ko a takarda yana aiki.

Ka kuma daidaita rubutun laƙubanka. Idan yau ka rubuta #sabongari, gobe #SG, jibi #kasuwa, ka raba abu ɗaya gida uku ta bayan fage. Laƙabi biyar zuwa bakwai da ka haddace sun fi talatin da kai kanka ba ka tuna su.

Masu ja da wannan magana

Akwai wanda zai ce: "Malam, waya fa ana sacewa, tana faɗawa ruwa, sikirin na mutuwa. Idan komai wuri ɗaya yake, ranar da ya tafi na shiga uku." Wannan magana ce mai nauyi, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai kwafin aiki, akwai ajiyar ko-ta-kwana. Kwafin aiki shi ne wanda kake buɗewa kana gyarawa, shi ne nake cewa ya zama ɗaya. Ajiyar ko-ta-kwana kuwa hoton komai ne gaba ɗaya, mai kwanan wata, da ba ka taɓa shi sai ranar musiba. Wannan ka yi ta ko sau uku ne, a Google Drive, a katin memori, a kwamfutar wani amintacce. Wanda ya warwatsa bayanansa a manhaja biyar bai yi ajiya ba. Ranar da wayar ta ɓata duka biyar ɗin za su tafi tare, wanda ya tsira kuma ba zai san ko shi ne na ƙarshe ba.

Wani zai ce ai wani lokacin kwafi ne daidai. Gaskiya ne, kuma ya kamata a san lokacin. Abin da ya riga ya faru ba ya canzawa, saboda haka a rubuta shi yadda yake. Idan ka sayar da caja N3,500 a watan jiya, wannan adadi ya zauna a lissafin ranar, kada ya zama madubin farashin yau, in ba haka ba duk lokacin da kaya suka tashi tarihin cinikinka zai canza da kansa. Haka jerin da kake maimaitawa, kamar matakan rajistar kowane zango: ka ajiye samfuri ɗaya, kowane zango ka kwafe shi, domin kowane zango aiki ne daban. Ma'aunin shi ne ka tambayi kanka: idan na canza wannan, ina so ɗayan ma ya canza? In amsar e ce, nuni ko madubi. In a'a ce, kwafi halal ne.

Akwai kuma wanda zai ce duk wannan wahala ce, shi kansa ya ishe shi. Wanda ayyukansa ba su wuce biyar ba, gaskiyarsa. Amma matashin da ke karatu, yana sana'a, ga aiken gida, ga ƙungiyar unguwa da aka ba shi ajiyar kuɗi, ga adashin da yake karɓa wa mahaifiyarsa, ya wuce wannan matsayi. Kuma kuɗin mutane ba a riƙe shi da "ina jin".

Madubin ma yana da nasa haɗarin. Idan ka cika rassanka da shi har ka daina sanin inda asalin yake, ka dawo cikin ruɗani ta wata ƙofa. Ka fara da laƙabi, shi ya fi sauƙi kuma kusan kowace manhaja na da shi. Madubi sai inda laƙabi ya gaza. Kafin ka dogara da shi kuma, ka gwada da layin banza: yi masa madubi, goge ɗaya, ka ga abin da ya sami ɗayan, domin manhajoji sun bambanta a nan.

Wace manhaja ke nan?

Ba na tallar kowa, kuma ƙa'idar ta fi manhajar muhimmanci. Amma ga abin da za ka duba a yanayinmu na tsadar data da ɗaukewar wuta.

Workflowy, da aka fara tun 2010, ita ce mafi sauƙin koyo, kuma madubinta ya fi saukin sarrafawa. Bayananka na zaune ne a rumbun kamfanin, sigar kyauta kuma tana da iyakar layukan da za ka ƙirƙira a wata. Logseq kyauta ce, lambobin gininta a buɗe suke ga kowa, tana kuma ajiye rubutunka a cikin na'urarka, sai dai tana buƙatar haƙuri kafin hannu ya saba. Orgzly ƙarama ce mara nauyi, ba ta neman data don ka yi rubutu, kuma tana bin tsarin Org da Carsten Dominik ya ƙirƙiro a 2003. Ƙarfinta na wajen laƙabi, kwanan wata da bincike. Obsidian, wadda mutanen da suka yi Dynalist suka fitar a 2020, ta fi karkata ga dogon rubutu, amma tana naɗe jeri tana kuma haɗa shafuka, fayilolinta kuma rubutu ne zalla da kowace manhaja za ta iya buɗewa.

Idan kana amfani da waya da kwamfuta tare, ga gargaɗi: gyara fayil ɗaya a na'ura biyu alhali babu intanet yana haifar da siga biyu masu saɓani idan netwok ya dawo. Ka bari su daidaita kafin ka fara rubutu a ɗayar.

Wanda kuma ya fi son littafi da biro, ƙa'idar ba ta canza ba. Sa wa shafuka lamba, ka ware shafi biyun farko su zama fihirisa, kowane mutum ko aiki ya samu shafinsa, ko'ina kuma ka rubuta "duba shafi na 14".

Abin da bai kamata ba shi ne ka sauke duka huɗun ka raba ayyukanka a tsakaninsu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Zaɓi ɗaya ka zauna da ita wata guda kafin ka yanke mata hukunci.

A daren yau, ba sai ka gyara komai ba. Fara da inda kuskure ya fi tsada, wato kuɗi. Tattaro duk bashin da kake bi da wanda ake bin ka, daga WhatsApp, daga hotunan allo, daga takardun aljihu. Rubuta kowanne sau ɗaya a ƙarƙashin sunan mai shi, da adadi da kwanan wata. Inda ka ga adadi biyu sun saɓa, kira mutumin ku daidaita tun ana dariya. Sannan ka goge sauran. Gobe ka shiga manhajar lambobin waya ka haɗe sunayen da suka maimaitu, ka cire tsofaffin lambobi. Jibi sai a zo kan ayyukan makaranta da na shago.